Baƙin Lallen Kakata

Ranar da takardar gayyata ta iso asibitinmu, sai da na karanta ta sau uku, sannan na shiga ɗakin awo na karanta wa mata masu ciki, waɗanda ba su tambaye ni ba. An zaɓe ni zuwa bitar kwana uku a Gusau. Shekara bakwai ina aiki a ƙaramin asibitin nan da ke tsakanin Bungudu da Nahuce, kullum in za a tura mutum bita shugabanmu ake turawa, ya dawo da sabuwar jaka da biro, mu kuwa mu samu labari. Wannan karon ƙafarsa ce ta kumbura, rabo ya faɗo kaina. Na yi masa addu'ar samun sauƙi, amma ba zan ɓoye ba, bakina har kunne na wuni.

Abin da aka rubuta a takardar ne ya ɗaure min kai: ciwon fata da lafiyar ƙwaƙwalwa. Na ce to me ya haɗa su? Fata tana waje, ƙwaƙwalwa tana ciki. A lokacin gani nake duk yankinmu babu wanda ya kai ni sanin fata. Tun daga bakin ƙofa nake gane makero a kan yaro. Ƙazuwa kuwa daga yadda mutum yake susa na san ta. Mace za ta zaro hannu daga cikin hijabi, in duba hannun, in rubuta man shafawa, in ce ta gaba ta shigo. Sau da yawa ko fuskar mai hannun ban kalla ba. Ina alfahari da saurina, domin layinmu dogo ne, kuma kowa yana so ya koma gona kafin rana ta take.

Wadda na fara kira a waya don in yi wa fankama ita ce kakata, wadda ta haifi babana, tana Tsafe a gidanmu. Ni da ita ba ma haɗuwa sai an yi tsiya, irin wasan nan na jika da kaka. Tana ce min Bokanyar Turai, ni kuwa ina ce mata Amarya.

Sunan yana da dalili. Wajen shekara biyu kafin nan, tsohuwar nan mai shekara saba'in da ɗoriya ta tsiro da ƙunshi. Kuma ba jan lalle ba, baƙin nan mai dayis da 'yan mata suke zane da shi. Ita ba zane take yi ba, lafta shi take yi daga kan yatsu har wuyan hannu kamar ta sa safa, kafin ya koɗe ta sake wani. Mu jikoki muka samu abin dariya. In na je gida sai in tasa ta gaba: wane tsoho ne ya yi sa'a, yaushe za a raba mana goro? Takan yi ɗan murmushi, ta ce in fita idonta, ta mayar da hannun cikin mayafi.

Dayis ɗin bai karɓe ta ba. Hannun ya feso da ƙuraje, yana ƙaiƙayi, wani lokaci har ya tsage. Sau huɗu ina aika mata man shafawa ta hannun direbobin tasha, kowane da saƙo iri ɗaya, cewa ta bar lallen. Ba ta bari ba. Na yanke hukunci cewa taurin kan tsufa ne, na ci gaba da harkokina.

Kakata ita ce mai kwasar tuwo a unguwarmu. Duk gidan da ake suna ko biki, matasan mata su tuƙa, amma in an zo kwasa sai a aika a kira ta. Ta zauna a kujera 'yar tsugunno, mara a hannun dama, kwanon ruwa a gefe, ta riƙa fitar da malmala duk girmansu ɗaya kamar an auna. Ta san gidan da ake aika wa biyar da wanda za a aika wa uku ba a ji haushi ba, kuma tukunya ba ta taɓa ƙarewa a hannunta da sauran mai jira ba. A shekara biyun nan ta daina zuwa, ta ce gwiwa. Ta ware kwanonta, ta ware kofinta, har ta ɗaura wa kofin jan zare a mariƙi don kada wani ya sha da shi. Muka ce tsufa ne ya zo mata da ƙyanƙyami.

To ga ƙanwata da tsohon ciki, haihuwar fari, ta dawo gida, saura kamar wata guda. Babana ya ci buri a kan tuwon sunan nan, yana so uwarsa ta kwashe na tattaɓa-kunnenta na farko. Ita kuwa ta riga ta ce a nemi wata. Ya yi lallashi har ya gaji.

Na ce mata a waya, "Amarya, an zaɓe ni bita Gusau, ilimin hwata za a ƙaro muna."

"To, Bokanyar Turai, a dawo lahiya."

"In na dawo ni ka raba ki da dayis ɗin ga, ki kwashe muna tuwon suna."

Ta ce, "Ku dai nemi wata. Ni na gama."

Na yi dariya na kashe wayar. A kunnena ƙorafin tsofaffi ne irin na kullum.

Na isa Gusau da sabon hijabi da littafin rubutu mai kauri. Zauren ya kusa cika da irinmu ma'aikatan ƙananan asibitoci, daga Wanke, daga Rawayya, daga can wajen Tsafe, har na haɗu da wata da muka yi makarantar kiwon lafiya tare, muka rungume juna muna shewa kamar yara. Masu koyarwa biyu ne. Likitar fata, gajeriyar mace mai sauri, ba ta zama wuri ɗaya. Da likitan ƙwaƙwalwa, dogon mutum mai sanyin magana, wanda in ya fara jimla sai ka ji kamar ka ƙarasa masa.

Ranar farko na yi rawar gani. Duk hoton da aka haska a bango hannuna ne farko a sama: makero ne, ƙazuwa ce, kyasbi ne. Likitar fata ta yi ta yaba min, kaina ya yi ta girma. Can sai likitan ƙwaƙwalwa ya dube ni a hankali ya ce, "Malama, a cikin masu ciwon fata da kika gani makon jiya, wanne ne ba ya iya barci?" Ya ce, "Wanne ne ya daina zuwa kasuwa? Wacce ce ta daina shiga mata?" Ban sani ba. Na san hannayensu ɗaya bayan ɗaya, amma ban san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Daga nan suka shiga bayani, ni kuwa biro na gudu a takarda. Damuwa tana iya tayar da ciwon fata ko ta ƙara masa ƙarfi, ciwon fata kuma yana iya jefa mutum cikin damuwar da ta fi ciwon nauyi. Wani ƙaiƙayin ba zai lafa ba muddin zuciya ba ta kwanta ba. Wani kuma tabon nasa bai fi ƙwayar gyaɗa ba, amma ya raba shi da jama'a. Suka ba mu tambayoyi biyu mu riƙa yi wa kowa: me kake zaton ciwon nan ne, kuma me ya hana ka yi? Sai dogon likitan ya ƙara sharaɗi, wai in mun yi tambayar mu kama bakinmu, mu ƙirga ashirin a zuci kafin mu sake magana. Ƙawata ta zungure ni ta ce wannan sharaɗin don ni aka yi shi. Ban musa ba. Na koma masauki ina jin kamar an buɗe min wani ɗaki a gidan da na daɗe ina zaune ciki, har na kira mijina na maimaita masa darasin gaba ɗaya, bawan Allah yana ta cewa to.

Rana ta biyu da hantsi likitar fata ta shigo da kwalbar kalamin, ruwan maganin nan da muke shafa wa yara in ƙuraje sun fito musu, wanda in ya bushe yake yin fari fat a jiki. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana ɗiga mana, wani a goshi, wani a wuya. Ni ta shafa min a bayan hannun dama da gefen baki. Ta ce yau babu shayi a zaure, kowa ya fita titi ya nemi abin taɓawa, kada a goge, kada a yi wa kowa bayani, alwalar azahar za ta wanke shi. Muka fita muna dariya muna nuna juna.

Dariyar ba ta kai bakin titi ba. Akwai mai awara a gaban wurin, wadda jiya ta yaba hijabina har ta ƙara min guda biyu. Yau ta dubi hannuna, ta dubi bakina, ta ɗaure ledar ta ajiye a gefen tebur maimakon ta miƙo min. Ba ta ɓata rai ba, ajiyewa kawai ta yi. Wata mata da ke tsaye kusa da ni ta jawo 'yarta ta ɗaya gefen. Ni da na san abin da ke hannuna, ni da na san nan da awa biyu ruwa zai tafi da shi, sai ga ni na cusa hannun cikin hijabi, na karɓi ledar da hagu, na sunkuyar da kai.

Na bi gefen titi ina sauri in koma. A jerin shagunan akwai na kayan kwalliya, an rataye ƙullin lalle da fakitin dayis a bakin ƙofa. Ina wucewa zuciyata ta ce, da zan samu baƙin nan in lafta a hannun, ai babu mai gani.

Nan na tsaya cak. Baƙin lalle har wuyan hannu. Kofi mai jan zare. Gwiwar da ba ta hana ta tsugunno a bakin murhu, amma ta hana ta zuwa gidan suna. Duk suna gabana shekara biyu, ni kuwa ina aika man shafawa ta hannun direba ina kiranta Amarya. Awarar nan ban san inda na yar da ita ba.

Na koma zaure da gudu-gudu, na tare likitar fata tun kafin ta zauna, na zazzage mata labarin ba ko numfashi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce kada in yi gaggawar sa wa abin suna tun ban gani ba. Ta ce in je in tambaya, in duba, sannan in kawo mata ita. Ta yago 'yar auduga ta nuna min abin da na taɓa koya a makaranta na manta: mutum ya rufe ido, a taɓa tabon da bakin audugar, ya nuna inda ya ji. Tabon kuturta yawanci ba ya jin taɓi, na albaras kuwa, ciwon nan da fata ke yin fari kawai, yana ji kamar sauran jiki. Ta ce ko da kuturtar ce, yanzu tana da magani, ana warkewa sarai, ba abin ɓoyo ba ce. Sauran bitar a kan ƙaya na yi ta. Ina jin kunya, ina jin tsoro, amma abin da ya fi yawa ɗoki ne, domin karon farko ina ganin na riƙe bakin zaren.

Rana ta uku ana raba takardar shaida da azahar, na karɓi tawa ko hoto ban tsaya ba. Maimakon tashar Bungudu na nufi ta Tsafe da sauri, don hanyar nan ba a son yamma ta yi wa mutum a kanta. Motar ta yi ta tsaye-tsaye, a sauke buhu, a ɗauki akuya, ni kuwa kamar in fita in tura ta. Muna wuce dutsen Kwatarkwashi ina maimaita tambayoyin nan biyu a zuci kamar mai tilawa.

Na same ta bayan la'asar a ƙofar ɗakinta ita kaɗai, tana tsince wake a faifai, sauran mutan gida suna can ɗaya ɓangaren suna hira. Sai a ranar na lura da yadda ta zube, wuyanta duk ya fito. Na zauna a tabarmar kusa da ita na ce, "Kaka, ina wuni."

Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa. "Yau Kaka? Ba tsiya? Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Tambaya ni ka son in yi maki. Hannun ga naki, mi kike zaton shi na?"

"Ƙaiƙayi na, ba ke kinka hwaɗi ba?"

"Shi na nig gani. Ke mi kinka gani?"

Ta mayar da kai kan wake. Na fara ƙirga. Ɗaya, biyu, uku. Wallahi ban taɓa sanin ashirin tana da nisa haka ba. A bakwai bakina ya cika da bayani, a goma sha biyu na cije leɓe. Kaza ta zo ta saci wake, ba wanda ya kore ta. Na kai ashirin, na sake sabon ƙirga. Ina kan goma sha ɗaya a zagaye na biyu ta ajiye faifan, ta leƙa tsakar gida, sannan ta ja hannun rigarta sama.

Wani fari ne a fatar, ya wuce inda lallen ya tsaya. Ya haura damtse filla-filla, wani kamar ganyen zogale, wani ya fi tafin jariri, har gwiwar hannu.

Ta ce, "Kuturta ta. Na san ta tun dauri."

Ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Tana yarinya a ƙauyensu akwai wata mata da fari ya fito wa a hannu. Aka ware mata kwano, aka yi mata bukka bayan gari, yara suna ajiye mata tuwo a bakin danga su ruga. Kakata tana cikin yaran da ake aika. Da ta ga ɗigon farko a yatsanta, matar nan ta fara tunawa. Ta ce in ta kwashe tuwo wani ɗa ya kamu, me za ta gaya wa Allah? In kuma unguwa ta ji, wa zai nemi auren 'ya'yan gidan? Sai ta ware kanta da kanta tun ba a ware ta ba, ta rufe hannun da abin da ya fi kowane baƙi, ko da yana cin fatarta.

Na yi tambaya ta biyu. "Mi ya hana maki yi?"

"Kwana," ta ce. "Da ci. Jaririn ga da za a haihwa, ko ɗaukar shi ba ni yi. Roƙona guda, Allah Shi ɗauke ni tun bai kai huska ba." Ta dube ni. "In kin ce Amarya dariya ni ka yi, don in ban yi ba sai ki duba hannun da kyau."

Kunya ta rufe ni har ban san inda zan sa ido ba. Wasan da nake taƙama da shi, wai ni ce jikar da ta fi kusa da ita, shi ne ya zama mata wurin ɓuya, ni kuma ina tsaye a bakinsa ina tafi. Na so in yi kuka, amma na ga ba lokacinsa ba ne. Na zaro auduga daga jaka na ce ta rufe ido, duk inda ta ji an taɓa ta nuna.

"Wanga kuma wane bokanci na?"

"Na Turai. Ruhe ido."

Na taɓa tsakiyar babban tabon. Ta kai yatsa daidai wurin. Na taɓa na kusa da gwiwar hannu, ta nuna. Na taɓa wani ƙarami a hankali yadda ni kaina ban tabbata na taɓa ba, ta janye hannun ta ce, "Ke, bar yi man cakulkuli." Dariya ta kuɓuce min tare da hawaye. Na ce mata ni ba likita ba ce, sai mun je Gusau an tabbatar, amma abin da na gani ya fi kama da albaras, launin fata ne kawai yake barin wurin, kuma ba ya kama kowa. Ta taɓe baki, alamar ba ta yarda ba. Kofin nan mai jan zare yana gefenta da sauran ruwa. Na ɗauka na kafa kai. Ta kawo hannu za ta fizge, na riga na shanye.

"Kin kashe kanki, ɗiyag ga," ta ce, idonta a waje.

Na ce, "To sai mu tahi asibitin tare."

Bayan kwana uku ni da babana muka kai ta Gusau. Likitar fata ta kama hannun da hannunta, ba safa, ta juya shi, ta duba har ƙafafu, ta gwada abin da za ta gwada, ta ce albaras ne. Ba ta yi mata alkawarin ƙarya ba. Ta ce farin zai iya tsayawa, zai iya ƙaruwa, a kiyaye shi daga zafin rana, dayis kuwa an rabu ke nan. Sannan dogon likitan ya zauna da ita kusan awa guda, mu muna waje. Ban san abin da suka tattauna ba har yau. Da ta fito ta ce yaron kirki ne, yana bari mutum ya gama magana, ba kamar wasu ba. Ta faɗi haka tana kallona.

Na koma wurin aiki da zafina. Duk wanda ya shigo sai na dubi fuskarsa na yi masa tambayoyina biyu, layi ya yi ta tsawo, shugabanmu yana leƙowa yana duba agogo. Wani manomi da makero a wuya ya saurare ni har na gama ƙirga ashirin ɗina, sannan ya ce, "Malama, zuciyata lahiya lau, wuyan dai na ka ƙaiƙayi." Na ba shi maganinsa. Amma a makon nan wata budurwa mai ƙurajen fuska, wadda sau uku tana zuwa ina sallamarta cikin minti biyu, ta gaya min ta daina zuwa islamiyya tun kafin azumi. Da ita muka yi rabin awa.

Can Tsafe kuwa abin bai tafi a miƙe ba. Ƙurajen sun warke, baƙin ya koɗe, farin ya fito fili a yatsu, kuma ganinsa ya sake karya mata zuciya. Wata rana in ji a waya ta ci abinci da mutane, wata rana ta koma ɗaki. Ta ce min, "Likita ta hwaɗa man, na ji. Unguwa wa ka hwaɗa mata?" Na ce ni zan bi gida-gida. Ta ce kada in kuskura. Da ƙanwata ta haihu, 'ya mace, babana ya ce min Kaka ta leƙa ta yi addu'a hannunta a cikin mayafi. Ba ta ce a fasa neman wata mai kwasa ba, don haka aka gaya wa wata maƙwabciya.

Ranar suna na iso tun da safe. An raɗa suna, maza sun watse, gida ya cika da mata. Manyan tukwane biyu na tuwon shinkafa sun nuna, maƙwabciyar ta zauna a kujera ta ɗauki mara. Ɗakin Kaka a rufe. Ina rarraba kwanoni ina satar kallon ƙofar. Na riga na fara lallashin kaina cewa ai ta fara cin abinci, ta fara barci, wannan ma ba kaɗan ba ne.

Sai ƙofar ta buɗe. Ta fito da sabon zane, ta naɗe hannun riga har sama da gwiwar hannu, abin da ba ta taɓa yi ba ko a da. Hayaniyar tsakar gida ta yi ta raguwa daga wannan kusurwa zuwa waccan har ta mutu. Ta tako tsakiya, ta miƙa hannayen biyu gaba.

"Ku duba da kyau ku gama, tuwo na hucewa. Albaras na. Likita ta gani Gusau, ba shi kama kowa. Wadda ba ta iya ci ba dole."

Maƙwabciyar ta dubi marar da ke hannunta, ta miƙe ta ba ta kujera. Kaka ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta tsoma mara a ruwa. Malmala ta farko ta fito sumul, ta biyu kamar 'yar'uwarta. Na matsa da kwanona don in fara ci kowa ya gani, ashe an riga ni. Wata tsohuwar ƙawarta ta miƙo nata daga baya tana cewa, "Zuba man nan. Shekara biyu muna cin malmala wata ta kai kan jariri wata ba ta kai ƙwai ba." Aka fashe da dariya, har da maƙwabciyar. Ba kowa ne ya ci ba. Da idona na ga mata biyu sun ture kwanonsu sun ce sun ƙoshi, kuma Kaka ma ta gani. Hannunta bai tsaya ba, ta ci gaba da cewa gidan wane biyar, gidan wance uku, har tukunya ta biyu ta kai ƙasa.

Ni kuwa murna ta hana ni zama. Na kai wancan kwano, na dawo da wannan, na zubar da miya a sabon hijabina ban damu ba. Da aka gama, ƙanwata ta fito da jaririyar ta ɗora mata a cinya ba tare da ta tambaya ba, Kaka ta karɓa. Na durƙusa gabanta ina haki, bakina ya riga hankalina, na ce, "Sannu da aiki, Amarya."

Kalmar na fita na so in haɗiye ta. Na yi tsuru-tsuru.

Ta gyara wa jaririyar kwanciya a hannun hagu, ta buɗe min na dama. Sai a lokacin na kula da kyau. Ta yi ƙunshi, amma na jan lalle, ganye zalla irin na da, a kan yatsu kawai. A inda fatar take baƙa ya ɗan yi duhu kamar kullum. A inda take fara kuwa ya kama jawur, ja mai haske irin wanda 'yan mata suke kwana da leda a hannu suna nema ba su samu ba.

Ta juya hannun a rana tana kallo. "Tun ina budurwa ni ka ƙunshi, lalle bai taɓa kama ni haka ba," ta ce. "Sake hwaɗi, Bokanyar Turai. Yau na amsa."